Ɗankwalin da Na Ɗaura wa Sabar ta Uku

Wannan babin ban so rubuta shi ba. Niyyata in tsallake shekarar da aka haifi yayarku in wuce kan zancen shagon da na buɗe, don babban mai hannu a maganar ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma ba na son tone-tone. To amma ranar da aka kawo lefen yayarku, ina ɗaki ina jin Gwaggo Ladi, gwaggon babanku, tana gaya wa dangin ango a tsakar gida, wai cikin raha, su dai dage da addu'a, don yarinyar tun da ta sako ƙafa duniya uwarta ta rasa aiki, ubanta ya rasa mota. Aka yi 'yar dariya. Na ɗaga labule na hango yayarku a bakin kicin. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mamaki ba, sai ta sunkuyar da kai kamar wadda aka faɗi abin da ta daɗe da sani. Ashe yarinyar nan ta yarda! Ashe shekara da shekaru tana yawo da shi a ranta cewa farar ƙafa gare ta, kuma da shi za ta shiga gidan miji, ta zauna tana jiran ranar da kasuwarsa za ta taɓu a ce ita ce. Wallahi ba da ni ba. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

A lokacin ina aiki a wani asibiti a nan ƙasar Rano, na wata ƙungiya ne ba na gwamnati ba, kuma ba zan kama sunansa ba. Shekarun da aka hana mata hawa acaɓa ne, kullum da safe ina bakin titi da zumbulelen hijabi ina jiran a-daidaita-sahu. Ni ce mai kula da kwamfutocin asibitin, ni kaɗai, mace ɗaya tilo a cikin maza. Sakataren asibitin, wato wanda komai ke hannunsa, shi ne Alhaji Babba, ƙanin kakanku na wajen uba. Shi ya riƙi babanku tun yana yaro, motar hayar da babanku yake ja tsakanin Rano da Kano ma tasa ce. Kun ga ke nan a ofis shugabana ne, a gida kuma surukina. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In magana ta kama, sai in durƙusa a bakin ƙofar ofishinsa in faɗa ina kallon tayil, shi kuma ya amsa yana kallon taga.

A wani ɗan ɗaki mai sanyi muna da manyan kwamfutoci uku, irin waɗanda ake ce wa sabar, su ne sauran kwamfutocin asibitin suke ɗebo bayani daga gare su. Ɗaya ta katin marasa lafiya, ɗaya ta ɗakin magani, ta ukun ta ɗakin gwajin jini. Kowacce da faya-fayan ajiyarta a cikin cikinta, abin da ta tara nata ne ita kaɗai. In ta cika ta cika, ko da ta kusa da ita rabinta fanko ne. In faifanta ya mutu, sai dai salati. Injin da ke ɗaukar mana kwafi a kaset kuwa ya daɗe da lalacewa, na roƙa a gyara har bakina ya gaji. Ta ukun nan ita ta fi tsaya min a rai, don a cikinta tarihin yaranmu masu sikila yake: irin jinin kowane yaro, sau nawa aka ƙara masa, wane jini ne jikinsa ya taɓa ƙi. In aka kawo yaro ranga-ranga daga ƙauyuka irin su Lausu ko Zurgu, likita ba ya tsayawa lalube, ya buɗe ya gani ya sa a ɗauko jini.

Sai masu tallafa wa asibitin suka aiko mana da sababbin sabar da wani dogon akwatin ƙarfe mai jerin faya-fayai tun daga sama har ƙasa. Injiniyan da ya zo daga Kano ya kafa shi yana ce masa SAN, mu kuwa muka sa masa rumbu, don aikinsa ke nan. Maimakon kowace sabar ta ɓoye nata a cikinta, duk sai su zuba a wuri ɗaya ta wasu siraran wayoyi masu tafiya da haske, a yanka wa kowacce kasonta, in ya yi mata kaɗan a ƙara mata. In faifai ɗaya ya mutu, 'yan uwansa su riƙe aikin har a canza shi. Na yi murna kamar ni aka yi wa kyautar. Kafa rumbu aikin Injiniya ne, amma kwashe bayanan daga tsofaffin sabar zuwa cikinsa nawa ne, kuma ba aikin gaggawa ba ne. Za ka yi kwasar farko ana cikin aiki. Sannan ka nemi ranar da asibiti ya lafa, ka tsayar da kowa, ka kwashe abin da ya ƙaru. Sannan ka gwada na can da na nan ka tabbata sun zo daidai, ka juya masu aiki zuwa sabuwa, tsohuwar kuma ka bar ta a ajiye har hankalinka ya kwanta. Da tsohon cikina na yi wannan aikin, ƙafafuna a kumbure, ina zaune a kan kwali don kujerar ɗakin ba ta ɗaukata.

Ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Ta ukun ce ta ba ni wuya. Ɗaya daga cikin faya-fayanta ya fara ciwo, da an yi nisa da kwasa sai ta tsinke, ga ɗauke wuta, ga janareto mai tari. Abin da ya haye rumbu sunayen yaran ne da sakamakon shekarun farko. In ka buɗe ka kalla sama-sama sai ka rantse komai ya zo, alhali yawancinsa yana can a tsohuwar. Na san haka, kuma na san cikina ba zai jira ni ba. Na cire jan ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabina na ɗaure shi tam a hannun sabar ta uku, don ko makaho ya shigo ya shafa ya san wannan daban take. Na kira Injiniya na gaya masa. Sannan na je na durƙusa a ƙofar Alhaji.

"Baba, biyu sun gama. Mai jan ƙyallen nan ba ta gama ba, don Allah kada a taɓa ta sai na dawo. Kuma duk wadda za a fitar daga asibitin nan, a goge ta tas tukuna, sirrin mutane ne a ciki."

"To, to, madalla. Allah ya yi albarka, Allah ya raba lafiya."

Yana kallon taga ya faɗa. A ranar ban kawo komai a raina ba, don haka muka saba.

Naƙuda ta zo min kafin lokacin da aka ɗiba. Da yake haihuwar fari ce, aka kwashe ni sai Kibiya wajen Inna, kakarku, wankan gida. Kun san Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, in ta ce a'a to an gama. Ranar da na isa ta ga ina latsa waya, ta miƙo hannu.

"Kawo nan. Mai jego da ɗanyen jiki tana kara ƙarfe a kunne? Ba a gidana ba."

"Inna, akwai aikin da na bari a buɗe."

"Aikinki ga shi nan a zani yana neman nono."

Ta kashe wayar ta jefa a cikin kwalla ta rufe, ta ɗora wasu kwanukan a kai. Daga nan sai ruwan zafi da ganye safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, barci. Ban yi wata jayayya ba, don a ganina na ɗaure abin da zan ɗaure, na gaya wa wanda zan gaya wa.

Abin da ya faru a bayana, daga bakin Injiniya da ma'aikatan ɗakin gwaji na tattara shi daga baya. Zaɓe ya matso. Wani ɗan majalisa ya ji labarin rumbu, ya ce shi zai zo ya yanke ƙyallen buɗewa, kuma a wajen taron yana so a miƙa tsofaffin kwamfutocin kyauta ga wata makarantar 'yan mata da sunansa. Kayan da ko sisinsa babu a ciki! Aka sa rana, aka hau fenti, har ɗakin gwajin jini aka rufe aka fitar da ma'aikatansa don a shafe bango. Aka kira Injiniya aka ce ya gama komai kafin ranar. Shi kuma, in faɗi gaskiyarsa, ya tuna da maganata. Ya buɗe rumbu ya ga kaso uku, kowanne da sunaye a jere, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don bai sani ba ko na samu na ƙarasa kafin in tafi. Ya yi ta kiran wayata tana cikin kwalla. Ya ce wa Alhaji a tambaye ni.

Ranar suna, Alhaji Babba ya zo Kibiya da tawagarsa, har da Injiniya a motar, don ya ce zai biyo ya yi tambayarsa. Suka zauna a zauren gidanmu aka raɗa suna, aka ci waina, aka raba goro. Ɗakin da nake bango ɗaya ne tsakaninsa da zauren, har tarin Alhaji ina ji. Injiniya ya matsa kusa da shi ya ce ko za a yi masa iso, ko a aika wata mace ta tambayo masa kalma ɗaya.

"Haba Injiniya! Baƙo namiji wajen mai jego? Kuma a ce ni na zo sunan jikata na aika wa surukata da zancen ofis? Ina zan sa fuskata a garin mutane? Ai yarinyar nan ba ta wasa da aiki, in ka ga suna a ciki to ta gama."

Ku ji fa! Tambaya ɗaya: ta ukun ta gama? Gidan cike da mata, masu shiga da kwanon waina suna fita da kwanon wanke hannu, ko wacce aka tsayar za ta kawo min saƙon ta mayar da amsa kafin a gama tauna goro. Da na ce a'a, shi ke nan, da yau ba na wannan rubutun. Amma aka zauna aka auna, aka ga fuskar dattijo ta fi jinin yaran mutane nauyi. Suka shafa fatiha suka hau mota, ni ina ciki ana sa min lalle ina murna surukina ya zo da kansa.

Da suka koma, Alhaji ya shiga ɗakin sanyi duba shiri, ya ga jan ƙyalle a jikin sabar. Ya tambaya, aka ce ɗankwalina ne. Nan ma kunyar ta motsa, wai yaya za a yi manyan baƙi su shigo su tarar da ɗankwalin surukarsa a rataye. Ya sa aka kwance. Injiniya ya juya ɗakin gwaji zuwa rumbu, ya buɗe sunaye biyu uku na farko ya ga sakamako a ciki, kuma babu ma'aikacin gwaji ko ɗaya a wurin da zai ce ina na bana, ina na bara, duk fenti ya kore su. Sai ya goge tsofaffin sabar ukun. Ba gugar wasa ba, irin wadda ake bi a rubuce faifan da shara don kada wani ya iya tono komai. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan har gobe. Magana biyu na faɗa a durƙushe a ƙofar nan, kada a taɓa, kuma a goge tas. Ta biyun kaɗai suka riƙe, suka kuma yi ta da kyau.

Ina yin arba'in na karɓi wayata na koma Rano. Babanku ya yi ta kwana-kwana a hanya, ya kasa gaya min. Da na shiga asibiti na tarar da layin mata a barandar ɗakin gwaji, kowacce da yaro, ana sake huda musu jijiya ɗaya bayan ɗaya. Yaran da da ma jinin bai ishe su ba. Irin jini dai ana iya sake gwadawa, amma wane ne jikinsa ya taɓa ƙin jini, yaushe, da me aka ceto shi, wannan ya tafi sai abin da uwa ta iya tunawa. Wata mata daga Zurgu da na sani, ɗanta ya sha kwanciya a wurinmu, ta taso ta riƙe min hijabi.

"Malama, ashe kin sauka? Barka. Amma me muka yi miki? An ce ke kika tafi haihuwa kika goge jinin ɗana."

Na wuce ɗakin sanyi, ga rumbu yana ta ƙyafta fitilu, wurin tsofaffin sabar an share an goge. Na ja aljihun teburina, sai ga ɗankwalina, an wanke shi, an yi masa guga, an ninke shi tsaf. A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a ɗakin haihuwa ba.

Masu tallafi suka ce sai an yi bincike, aka kafa kwamiti. Kafin ranar zaman, aka taru a kaina a gida. Gwaggo Ladi, ƙanwar Alhaji, ita ce a gaba.

"Ke yarinya ce, in kin ce mantuwa kika yi saboda nauyin ciki, wa zai kama ki? Faɗa za a yi miki a wuce wurin. Amma dattijo kamar Yaya a ce ya yi ganganci? Ki rufa masa asiri, Allah ya rufa naki."

Na juya wajen babanku. Mutumin da ko sunan baffansa ba ya iya faɗa da ƙarfi, na zaci zai ce in yi haƙuri. Sai ya murza hularsa ya tambaye ni.

"Kin gaya masa ko ba ki gaya masa ba?"

"Na gaya masa."

"To abin da ya faru shi za ki faɗa. Ni ba zan sa ki yi ƙarya ba."

Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati ta ce an shanye shi. Ku riƙe wa babanku wannan, ko da wata rana ya ɓata muku rai.

Ranar zaman, Alhaji yana kujerar tsakiya, don shi ne sakatare, shi ake bincika kuma shi ke rubuta abin da aka tattauna. Aka tambaye ni ko na san aikin bai kammala ba lokacin da na tafi, na ce na sani. Aka ce na sanar da wani? Na ce na sanar da Injiniya, ya gyaɗa kai. Aka ce a cikin hukumar asibiti fa? Sai na tuna matar Zurgu. Na ɗago kai na dubi Alhaji Babba, karo na farko tun da aka kawo ni gidansu.

"Na gaya wa Baba. A ƙofar ofishinsa na durƙusa na gaya masa, ya ce Allah ya yi albarka."

Bai ƙaryata ni ba, wannan na ba shi. Cewa ya yi shi bai fahimci zancen na'ura ba, kuma da ma ai ba a barin babban aiki a hannun mai ciki. Shi ke nan kwamiti ya samu mafita. Aka rubuta cewa an samu giɓi wajen miƙa aiki, aka ce kujerata tana bukatar wanda ba zai riƙa tafiya hutun haihuwa ba, aka sallame ni da godiya. Injiniya ya ci gaba da kwangilarsa. Ɗan majalisa ya ci zaɓensa. A cikin dangi kuwa ba wanda ya tsaya tambayar ko gaskiya na faɗa, abin da ake ta yayatawa shi ne na dubi tsabar idon surukina a gaban mutane. Kafin wata ya ƙare Alhaji ya aiko a karɓi makullin mota. Babanku ya miƙa makullin, ya koma yaron mota a tasha da gemunsa, har Allah ya buɗa masa ya sayi tasa. Ni kuma na ja tebur na soma buga wa mutane takardu a bakin kasuwa. Mun sha wuya a shekarun nan, wuyar da ba na son tunawa, amma ko sau ɗaya ban yi nadamar ɗaga kaina ba.

To ga inda zaluncin ya ƙare. Alhaji ba a isa a ce ya yi laifi ba, babba ne. Ni na ƙi ɗauka. Babanku ya tsaya a bayana. Laifi kuwa sai an samo masa mai shi, sai aka waiwaya aka ga jaririya a zani, ba ta da bakin musu. Tun tana rarrafe ake jefa mata maganar cikin wasa, ni kuma ina jin ta ina basarwa, a zatona duk wanda ya san abin da ya faru ya san shirme ne. Na manta ita ba ta da wayo lokacin da aka yi, abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. Alhaji ya rasu muna gaisawa, na yafe masa aikina, babanku ya yafe masa motarsa. Amma wannan ba hakkina ba ne balle in yafe, kuma Gwaggo Ladi in ta sake faɗa a gabana, ko a gaban surukan waye, za ta ji abin da kwamiti ya ji.

Saura magana ɗaya, kuma da yayarku nake. Ke 'yar fari ce, don haka tun da aka raɗa miki suna a zauren nan na Kibiya ban taɓa kama shi da bakina ba. "Ke" nake ce miki, ko "yarinyar nan", ko in aiki ƙannenki su kira ki. A gaban mutane ban taɓa yabonki ba, ban taɓa tare miki faɗa ba, haka aka yi mana tarbiyya, haka Inna ta yi wa yayana. Na riƙe wannan kunyar da kyau, har ana yaba min. Amma na ga abin da kunya ta yi a bayan bango ɗaya, ba zan bari ta sake hana a faɗi kalma ɗaya a kan lokaci ba. Ɗankwalin yana nan, na sa miki shi a ƙasan akwatinki, har yau da ninkin da suka yi masa.

Asma'u. Asma'u, da ke nake. Ranar da aka goge faya-fayan nan kina Kibiya a cinyata kina barci, ƙafarki ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Ki ɗaga kanki ki shiga ɗakinki.